Maigadin da Anya Ya Rubuta

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin maɗinka. Kowa da Anya ya san shi, don ita ce kalmar da ta fi saurin fita daga bakinsa. In mai kawo yadi ya ce wannan ba ya zuba, sai ya ce, "Anya?" ya murza yadin tsakanin yatsu, ya ɗaga shi wajen haske, wani lokaci har ya jiƙa gefensa ya goga da farin ƙyalle. In aka ce hadari ya haɗo, sai ya fita ya duba da idonsa. Matarsa takan ba da labari cewa ranar da ta haifi ɗansu na fari, sai da ya ƙirga yatsun jaririn kafin ya yi mata barka. Shi kuwa yakan ce sharri take masa, ya yi barkar tukuna sannan ya ƙirga.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Yana koyon ɗinki, wani ya yanka hannun rigar mutane ba daidai ba, ya ninke ta ya ajiye a kan kekensa. Maigidansu bai tambayi kowa ba. Shi ya sha mari, shi aka kora. Har yau bai san wanda ya yi masa haka ba, kuma har yau yakan zauna yana tuno fuskokin waɗanda suke shagon a ranar. Tun daga nan ya tsayar a ransa cewa babu abin da ke lalacewa da kansa. In zare ya tsinke, akwai wanda ya taɓa shi. In almakashi ya dakushe, wani ya yanka takarda da shi. Saboda haka almakashinsa a ɗaure yake da igiya a jikin tebur, kuma ba ya cin abincin layi. Da rana ta take sai ya rufe aikinsa, ya tafi gida ya ci na matarsa, ya dawo.

Mutane suna yi masa dariya, amma kayansu masu tsada shi suke so ya taɓa. Duk shekarun da ya yi a shagon Hajiya bai taɓa ɓata wa kowa yadi ba. Shi ya sa da Hajiya ta sayo injin surfani mai aiki da kwamfuta, ba ta yi shawara da kowa ba, ta ce Anya ne zai zauna a kai.

Injin ba sabo ba ne, kwamfutar ma ta kwana biyu a duniya. An ajiye su can ƙuryar shagon, bayan kekuna da teburin yanka, dab da ƙofar sito. Waya ɗaya ce ta haɗa su. Kwamfuta tana tura wa inji zanen kaɗan-kaɗan, shi kuma yana ɗinkawa, allura tana sauka da saurin da ido ba ya iya bi. Anya ya zauna ya koyi abin har ya hau kansa. Ya yi tambarin makarantu, ya yi sunaye a jikin tawul, ya yi furanni a wuyan riguna. A karon farko ya sami abokin aikin da ba ya yi masa ɓoye-ɓoye: abin da ka ba shi, shi zai fitar maka. Kujerar nan ta gaban inji ta zama abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa, ko da yake matarsa ta ce ba ta da tabbacin ita ce a gaba.

Wanda injin ya rage wa aiki shi ne Kawu, dattijo mai surfanin hannu. Tun zamanin marigayi mijin Hajiya yake shagon, shi ya sa kowa, har ita Hajiyar, Kawu yake ce masa. Wurinsa bakin taga ne, a kan ɗan benci, da tabarau a ƙarshen hanci. Ba shi da yawan magana. Ranar da aka fara kunna injin ya taso ya tsaya a kansa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya." Sauran maɗinka suka yi dariya. Anya bai yi ba. Ya ɗauki maganar ya adana.

Ana nan sai inji ya fara tsayawa. Ana cikin aiki, allura tana gudu, sai ta tsaya cak, kwamfuta ta daskare. In ta farfaɗo, allurar sai ta yi tsalle ta sauka inda ba wurinta ba, ta ja zare ta tsakiyar fure. Da farko a kan tawul ne, aka warware. Daga baya ya faru a kan gaban rigar wata mata mai tsadar yadi da kaifin baki, kuma irin wannan yadi ba ya ɓoye ramin allura. Matar ta tsaya a ƙofar shago ta faɗi abin da ta faɗa, duk layin yana ji.

Da ta tafi, Hajiya ta kira shi gefe.

"Anya, ni ban san kan wannan abin ba, kai ka sani. In ya sake ɓata wa mutane kaya, zan tashe ka daga kai in nemo wani. Ka koma kekenka."

"Hajiya, ba hannuna ba ne."

"To hannun wa?"

"Shi nake nema."

"Nemi abinka. Amma kada ka manta da abin da na faɗa tun farko. Babu mai sa wani abu a cikin kwamfutar nan, babu mai cirewa, sai da sanina. Mai gyaran da ya zo bara kana gani ya goge mana zane kaf. Duk wanda ya yi mata katsalandan, ko kai ne, ya rabu da ita."

Anya ya koma ya zauna, kujerar tana yi masa kamar ta aro. Ya fara bincike da abin da ya iya. Kafin ya tafi cin abinci, ya shimfiɗa siririn baƙin zare a kan ƙyallen da yake rufe madannan kwamfutar da shi. Ya dawo ya tarar da zaren a ƙasa. Washegari ya zana alli a inda ƙafafun kujera suke. Ya dawo ya tarar an ja ta baya kaɗan, irin jan mutumin da ba ya ganin abu sai daga nesa. Da rana kuwa kowa yana fita neman abinci, in ban da mutum ɗaya da yake zuwa da nasa a kwano. Kawu.

Ya kuma lura da wata 'yar koriyar alama a kusurwar allon kwamfutar. Da safe babu ita, sai in ya dawo daga gida. Ya ɗauki hotonta da wayarsa.

Ƙanwarsa Auta tana koyar da kwamfuta a wata makaranta. Ita ma bai gama yarda da ita ba, don tun suna yara take tsame masa nama a miya, amma dai jini ne. Ranar hutu ya same ta a gida tana shanya, ya miƙa mata wayar.

"Wannan ai manhajar kiran bidiyo ce, Yaya. In mutum ya gama ya danna rufewa, ba ta rufuwa, lafewa take yi a baya. Can sai ta farka ta ce za ta sabunta kanta. Tsohuwar kwamfuta irin taku ba za ta iya ɗaukarta tare da inji ba, sai ta shaƙe."

"Kiran bidiyo," in ji Anya a hankali. "Wato mutum yana iya nuna wa wani abin da ke cikin shago."

"Yana iya nuna masa fuskarsa ma."

"Wace fuska ce a shagonmu da wani zai so gani? Zanena ake nuna wa masu shagon tsallaken titi. Kwanan nan na ga furena a wuyan wata."

"Haba Yaya, fure fa. Kowa yana yin fure."

"Mai lanƙwasa irin tawa?"

"To ka tambayi mutanen shagonku mana, wa yake amfani da ita."

"In tambayi mai yi ko shi ne mai yi? Ke karatun nan bai ƙara miki komai ba."

Auta ta ce to ya goge manhajar gaba ɗaya. Ya ce a'a, in ta ɓace za a gane ya gane, kuma magana za ta kai kunnen Hajiya. Shi abin da yake so, wani abu ne da zai tsaya a bakin ƙofa ba a ganinsa, duk lokacin da manhajar ta ɗago kai ya danne ta.

"Ana yi," in ji Auta. "'Yan layukan umarni ne, ba su da yawa. Kawo in sa maka a waya ka kwafa."

"Ba na sa abin da ban san cikinsa ba. Ki faɗa mini kowane layi da abin da yake yi, ni zan buga da hannuna."

Haka suka zauna a kan tabarma, wanki yana ɗiga a bayansu. Layin farko yana cewa kwamfuta ta duba duk manhajojin da ke aiki. Na gaba yana cewa in ta ga wannan a ciki, ta rufe ta nan take, ba neman izini. Na gaba ta ɗan jira. Na ƙarshe ta koma farko. Ta nuna masa inda zai ajiye shi don ya riƙa tashi tare da kwamfutar ba tare da ya nuna kansa ba, da yadda ake dakatar da shi. Anya ya haddace harafi da harafi, ya biya mata, ta gyara masa, ya sake biyawa.

Da zai tafi ta ce, "Amma ka sani, Yaya, wannan ba ya tambayar waye, ba ya jin uzuri."

"Irin maigadin da nake nema ke nan."

Da wannan sunan ya ajiye shi, Maigadi. Ya riga kowa zuwa shago, ya buga layukan da yatsa biyu, yana waiwaye. Sannan ya gwada. Ya buɗe manhajar, ta fito ta cika allo, ta ɗan tsaya kamar mai shirin gaisuwa, sai fit, ta ɓace. Ya sake buɗewa, ta sake ɓacewa. Anya ya jingina da kujera, ya ji wani sanyi a ƙirjinsa.

Daga ranar inji bai ƙara tsayawa ba. Allura ta koma gudu, furanni suka koma fita sumul, Hajiya ta saki fuska. Wani zai ce magana ta ƙare, amma Anya bai ga ta ƙare ba tunda bai kama kowa da hannu ba. Sai ya sa wa Kawu ido.

Kuma Kawu ya canza. Kwanon abincinsa yana komawa gida da nauyinsa. Mutumin da ba a taɓa ganin yana warware aikinsa ba, ga shi yana warwarewa. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai maɓallai, da wuya take ƙara, amma yanzu yakan fita da ita bayan shago ya daɗe. Wata rana Anya ya je wanke hannu da gangan, ya jiyo shi yana cewa, "Kai ne kake katsewa! Kada ka raina mini hankali!" Anya ya dawo yana gyaɗa kai. An toshe hanya, abokan sirri sun fara cin junansu.

Abin da ya rage ya gani da ido. Da rana ta take ya rufe madannai, ya yi sallama da ƙarfi, ya fita. Sai ya zagaya ta lungu, ya shiga sito ta ƙofar baya, ya tsuguna tsakanin bandiran yadi inda katakon ƙofa ya tsage. Ƙura tana shigar masa hanci, ya danne atishawa.

Shago ya watse. Kawu ya ajiye allura, ya leƙa waje, ya dawo. Ya cire hula ya shafa kai, ya mayar ya daidaita ta. Ya taje gemu da yatsu, ya kakkaɓe zare daga gaban rigarsa. Sannan ya zauna a kujerar Anya, ya ja ta baya, ya danna wuri ɗaya da yatsa ɗaya.

Fuskar wata matashiyar mace ta bayyana a allo.

Anya ya kusa yin salati a fili. Au, ashe tsoho budurwa ya yi! Bai gama tunanin ba ya ga matar ta ɗaga hannaye biyu, ta taɓa ƙirji, ta nuna gaba, yatsunta suna motsi da sauri. Kawu ma ya ɗaga nasa. Bai kai ga haɗa su ba, allo ya koma yadda yake. Kawu ya tsaya da hannaye a sama. Ya sake dannawa. Fuskar ta dawo, idanu a kumbure, hannu ya tashi, ta ɓace. Ya sake. Ta ɓace.

A nan Anya ya gane ta. 'Yar Kawu ce, tilo, kurma, ba ta ji ba ta magana. Uwarta ta rasu tana ƙarama, Kawu ya raine ta shi kaɗai, kuma a da yakan zo da ita shago ta zauna kusa da ƙafarsa. Maganar hannun da suke yi tasu ce su biyu, a gida suka ƙirƙire ta. Ta yi aure, mijin ya tafi da ita can wata ƙasa inda yake aiki. Ba ta iya kira a waya, Kawu kuma bai iya karatu ba balle a rubuto masa.

Kawu ya ciro 'yar wayarsa ya kira surukinsa.

"Kai! Na gan ta, ta ɗaga hannu za ta gaya mini wani abu ka kashe. Me kake ɓoyewa?" Ya saurara. "Ni na kashe? Ni da ban san inda ake kashewa ba? Kai ka sa mini abin nan da hannunka zuwanku na ƙarshe, kai ka san sirrinsa. Me ya sami idonta? Ka doke ta ne?" Ya sake saurarawa. "To, ka ji ni da kyau. Ba ka fi ƙarfina ba. Marainiya ce, amma ubanta bai mutu ba."

Anya yana tsugune har ƙafarsa ta yi tsami. Ya gwada cewa a ransa ko shiri ne aka yi don shi. Amma babu wanda ya san yana cikin sito, kuma bai taɓa ganin an yi shiri da irin waɗannan kumburarrun idanu ba. Ya sulale ta baya ya tafi gida. Matarsa ta zuba abinci, ya juya cokali ya ajiye.

"Yau kuma ni ake zargi, Malam?"

"Ki bar ni, mutuniyar nan."

Kafin gari ya waye ya samo dabara mai tsabta. Zai riƙa dakatar da Maigadi in zai tafi cin abinci, in ya dawo ya mayar da shi bakin aiki. Kira zai tafi, inji ba zai tsaya ba, Hajiya ba za ta ji komai ba. Babu wanda zai san ya taɓa sa hannu.

Sai dai da safen ya tarar da Kawu ya riga shi, a tsaye gaban teburin Hajiya, da rigarsa ta fita unguwa da jaka a hannu. 

"Kawu, wannan doguwar tafiya da shekarunka?" Hajiya take cewa. "Ka bari a bincika. Ni da na yarda aka sa maka abin, ban taɓa jin yaron nan da mugun hali ba."

"An gama bincike, Hajiya. Zan je in taho da 'yata. In ya ce ba za ta biyo ni ba, ya sallame ta a gabana."

Anya ya ajiye jakarsa a hankali. Ashe Hajiya ta sani, shi kaɗai aka bari a duhu. Ya ce, kamar mai magana da bango, "Kawu, da ka sake gwadawa yau da rana. Irin waɗannan abubuwan wani lokaci sukan gyaru da kansu."

Kawu ya juyo ya dube shi ta saman tabarau. "Kai ne yau kake cewa abu yana gyaruwa da kansa? In kiran ya tafi yau, don mijinta ya ji ina tafe ne. Zai tsaya a bayanta yana zare mata ido, ta ce mini lafiya lau. Ba a yi mini irin wannan."

Da Anya ne ma, haka zai ce.

Ya dubi injin. A ɗaure a kai akwai farin yadi na babban aiki, wanda Hajiya ta ce da shi za a wanke sunan shago. In ya yi shiru, Kawu zai tafi, babu mai ƙara buɗe manhajar, kujera ta zauna daram. In ya yi magana, a gaban Hajiya zai yi ta, kuma ta riga ta faɗi hukuncin. Kawu ya gyara riƙon jakarsa, ya fara sallama da mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu," in ji Anya. "Ba surukinka ba ne."

"Ka san shi ne?"

"Ban san shi ba. Na san mai katsewa. Zo ka gani."

Ya kunna kwamfuta. Kowa ya taso ya kewaye shi. Ya buɗe manhajar, ta tsaya kaɗan, ta ɓace. Ya buɗe layukan ya nuna da yatsa, ya faɗi aikin kowanne kamar yadda Auta ta koya masa, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Sannan ya dakatar da Maigadi, ya sake buɗe manhajar. Ta tsaya. Suka jira. Ba ta tafi ba.

"Wa ya sa wannan?" Hajiya ta tambaya, ko da yake ta riga ta sani.

"Ni ne. Ita take tsayar da inji. Na ɗauka zanena ake nuna wa na tsallake."

"Wa yake nunawa?"

Anya ya saci kallon Kawu. Kawu ya ajiye jaka a ƙasa.

"Ni ke nan," in ji shi. "Ni da na koya wa rabin layin nan riƙon allura, furen injinka zan sata. Me ya hana ka tambaye ni, ɗan nan?"

"Da na tambaya, za ka faɗa?"

"Da na faɗa, za ka yarda?"

 Anya ya tashi daga kujerar, Kawu ya zauna ya danna wurin da ya sani. Kiran ya daɗe yana shiga, don ba lokacinsu ba ne. Can sai ga ta, hannayenta da kumfar wanke-wanke. Ta ga ubanta, ta tsaya kamar mai jiran ya ɓace. Da bai ɓace ba, sai hannayen suka ɓalle. Ta nuna shi, ta nuna kanta, ta buga ƙirji, ta share ido. Kawu yana amsawa, yana girgiza kai, tabarau yana zamewa. Hajiya ta kora maɗinka kan kekunansu, amma kowa yana satar kallo.

Can Kawu ya nuna Anya da babban yatsa, sannan ya ja fatar ƙasan idonsa da ɗan yatsa ya karkata kai. Matar ta matso kusa da kyamara, ta dubi Anya, ta maimaita alamar, ta riƙe haɓa.

"Me ta ce?" in ji Anya.

"Sunanka ke nan a wurinta tun tana ƙarama. Ta ce ba ta yi mamaki ba." Kawu ya share fuska da hannun riga. "Kukan da take yi, cewa take ni ne na yi fushi da ita nake kashewa. Mijin ma ba ya nan, ya fita tun da sassafe neman wanda zai zo ya duba musu wayarsu. Mutumin da na ce wa ya doki 'yata. Da wane baki zan kira shi yanzu?"

"Ni zan yi masa bayani."

"Kai ka zage shi? Bari, ni na zaga, ni zan ba da haƙuri."

Da aka gama kiran, Hajiya ta zauna a kan teburin yanka, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Anya, na faɗa da bakina, kowa ya ji."

"Kin faɗa, Hajiya."

"Ka ga matsala, ka san maganinta, ka ƙi zuwa wurina. Ni ma cikin waɗanda ake zargi nake?"

Ya sunkuyar da kai. Gaskiya ita ma tana ciki, amma ba ranar faɗa ba ce.

Ta juya wajen Kawu. "Kai aka yi wa. Me ka gani?"

Kawu ya daɗe yana kallon farin yadin da ke kan inji. "Ni ba na son kujerarsa, ban iya ba, ba kuma zan koya ba. In kika kawo wani, sai ya ɓata abin da ya fi wannan kafin ya kama hannu. Amma ba na son a sake barin sa shi kaɗai da kwamfutar."

A kan haka aka tsaya. Da yamma aka kira Auta, ta goge Maigadi a gaban kowa, tana ƙoƙarin ɓoye dariya. Ta koya wa Kawu yadda zai rufe manhajar ta rufu da gaske in ya gama. Sannan ta sa wa kwamfutar kalmar sirri, wadda mutum biyu kawai suka sani, Hajiya da Kawu. Da yake Kawu bai san haruffa ba, wuraren maɓallan ya haddace, kamar yadda yake haddace zanen wuyan riga.

Anya yana nan a kan injinsa har yau, kuma farin yadin nan ya fita ba tabo. Sai dai ba ya iya fara aiki sai Kawu ya iso. Yakan riga kowa zuwa, ya share inji, ya zura zare, ya ɗaura yadi, sannan ya zauna ya harɗe hannu yana kallon ƙofa. Yana da yaƙinin cewa da gangan tsohon yake tsayawa gaisawa da kowa a layi. Ya gaya wa matarsa haka, ta ce wannan karon mai yiwuwa ya yi daidai.

In Kawu ya shigo, sai ya ajiye kwanonsa, ya goge tabarau, ya zo ya tsaya a kan madannai.

"Juya, ɗan nan."

Anya sai ya juya ya fuskanci bango. Kawu ya cire hula ya kare madannan da ita, ya fara danna maɓallai da yatsa ɗaya. Kuma don kada mai kunne ya gane wani abu daga ƙararsu, tari yake yi har ya gama.